YADDA ƊALIBI ZAI KOYI KAFA ƘARAMAR SANA'A DA TAFIYAR DA ITA

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ke nazarin Hausa a nan Kudu ya san tambayar nan da akan jefo mana, wani lokaci cikin raha, wani lokaci cikin gatse: "To, in kun gama me za ku yi da ita?" Amsar da muka saba bayarwa ita ce koyarwa, ko aikin rediyo da talabijin, ko fassara. Duk gaskiya ne. Sai dai kowa ya san guraben aikin albashi ba su kai yawan masu fitowa daga jami'o'i kowace shekara ba, kuma wannan matsala ba ta bar ɗalibin lauya ko na injiniya ba, balle mu. Wannan ne ya sa aka cusa darasin koyon sana'a cikin darussan da ɗaliban jami'a kan ɗauka. Amma cin jarrabawar darasin sana'a daban, riƙe jari daban.

Saboda haka a wannan 'yar muƙala zan yi tsokaci a kan matakan da ɗalibi zai bi ya koyi kafa ƙaramar sana'a, ya kuma riƙe ta har ta tsaya da ƙafarta. Abin da zan kawo ya haɗa da abin da na karanta, da kuma abin da na gani da idona a shagon kawuna, inda nakan yi hutu ina taya shi sayar da kayan masarufi.

Sana'a a Wurin Bahaushe

Kafin zuwan boko, Bahaushe yana da makarantarsa ta sana'a. Wasu sana'o'in gadonsu ake yi, kamar ƙira da fawa da wanzanci da jima da dukanci. Wasu kuwa, musamman fatauci da koli, akan koye su ne a hannun ubangida. Yaro zai bi maigidansa shekara da shekaru, yana ɗaukar kaya, yana tsaron rumfa, yana kallon yadda ake ciniki. Idan aka ga ya goge kuma an yarda da amanarsa, sai a sallame shi, wato a ba shi jari ya kama nasa. 'Yan'uwanmu Ibo suna da irin wannan tsari da ya shahara ƙwarai a kasuwannin Anacha da Aba da Legas.

Ba sai mun je nesa neman shaida ba. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, cinikin shanu da goro ne ya raya ta, kuma masanin nan Abner Cohen ya rubuta littafi guda a kanta a 1969, inda ya bayyana yadda masu gida da dillalai suka riƙe wannan ciniki da amana da lamuni. Haka nan Sabon Shagamu ya yi suna a cinikin goro, kasuwar Mile 12 ta Legas kuwa a tumatir da attaruhu da albasa. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, da fataucin goro ya fara kafin ya shiga cinikin gyaɗa a Kano. Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, koyo ke zuwa da fari, jari ya biyo baya.

Zaɓen Sana'a

Sau da yawa mutum kan fara da tambayar, "Wace sana'a ce ke kawo kuɗi?" A ganina tambayar da ta fi dacewa ita ce, "Me mutanen da ke kusa da ni suke buƙata kullum, wanda suke shan wahala kafin su samu?" Ɗalibi yana zaune ne cikin kasuwa bai sani ba. Dubban mutanen da ke cikin makaranta kullum sai sun ci, sun sha, sun yi wanki, sun yi aski ko kitso, sun buga takardu, sun sayi katin waya da data.

Mu kuma ɗaliban Hausa muna da wata haja da ba kowa ke da ita ba a nan Kudu, wato harshen kansa. Akwai 'yan kasuwa Yarabawa da Ibo da ke sari daga Arewa, masu son su iya gaisuwa da ƙirga da tayi. Akwai ɗaliban da aka tura Arewa bautar ƙasa, masu son a koya musu abin da za su fita kunya da shi. Akwai masu kundin digiri da ke neman wanda zai buga musu rubutun Hausa da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba tare da an mayar musu da "ƙafa" ta koma "kafa" ba. Akwai masu neman a fassara musu takardar talla ko sanarwar kiwon lafiya. Irin wannan sana'a jarinta kaɗan ne, domin babbar hajar tana cikin kanka.

Ko wacce ka zaɓa, auna ta da tambayoyi 4. Na farko, su wa za su saya, kuma sau nawa a mako? Na biyu, su wa suka riga ni, kuma me zan yi da ya fi nasu? Na uku, nawa zan zuba kafin in sayar da na farko? Na huɗu, za ta bar ni in shiga aji? Sana'ar da za ta sa ka faɗi jarrabawa ta ci ribarta tun ba a je ko'ina ba.

Koyo Kafin Zuba Kuɗi

Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari. Kowace sana'a tana da sirrinta, kuma sirrin ba ya cikin littafi. Idan ka yanke shawarar abin da za ka yi, nemi wanda ya daɗe a ciki, ka roƙe shi ka zauna tare da shi ko da hutu ɗaya ne, ko da ba zai biya ka ba.

A shagon kawuna na ga cewa ribar ɗan tireda tun wurin sari ake samo ta. Wanda ya san inda ake sauke kaya, da ranar da suke sauka, da dilan da ke ragi idan an ɗauki katan 5, ya riga ya ci rabin riba kafin ya buɗe shago. Na kuma ga cewa ba kayan da ke da riba mai kauri ne ke riƙe shago ba. Kayan da ke fita kullum, irin su sabulu da sukari da ashana da magi, ribarsu kaɗan ce, amma kuɗin yana juyawa sau da yawa a wata. Kayan da ribarsu ta fi tsoka kuwa sukan yi wata 3 a kan kanta suna shan ƙura, alhali kuɗinka ne ke kwance a wurin. Wata rana na tambaye shi dalilin da ya sa ba ya cika shagon da turare mai tsada, sai ya ce, "Ɗana, kuɗin da ke tafiya ya dawo ya fi kuɗin da ke zaune yana ƙamshi."

Idan sana'ar hannu ce kake so, kamar ɗinki ko gyaran waya, akwai Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, wadda aka kafa a 1986, da kuma SMEDAN, hukumar raya ƙanana da matsakaitan sana'o'i da aka kafa a 2003. Dukansu sukan shirya horo. Haka kuma intanet cike yake da darussa kyauta. Amma duk da haka, gani ya kori ji.

Ina Za a Samo Jari?

Jari, ko uwar kuɗi, shi ne abin da ake fara juyawa. Hanya mafi aminci ita ce tarin kanka, ko da daga kuɗin kashewa ne. Ta biyu ita ce adashi, wanda Yarabawa ke kira esusu ko ajo. Idan ɗalibai 10 suka yarda kowa ya riƙa zuba N2,000 a mako, duk mako mutum ɗaya zai kwashi N20,000. Sharaɗin adashi shi ne a san uwar adashi, a san juna, kuma wanda ya riga kwasa kada ya daina zubi.

Ta uku ita ce gudummawar iyaye da dangi. A nan ina jan kunne: a fayyace tun farko ko kyauta ce, ko rance ne, ko kuwa haɗin gwiwa ne da za a raba riba. Rashin fayyacewa ya raba zumunci da yawa. Akwai tsohon tsarin da 'yan kasuwarmu suka daɗe suna bi, inda wani ke kawo kuɗi wani ya kawo ƙarfinsa, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya. Idan za a yi haka, a rubuta, a sa shaidu.

Ta huɗu ita ce karɓar kaya a hannun dila ka sayar, ka mayar da uwar kuɗi ka riƙe abin da ya hau. Wannan sai wanda aka yarda da shi, shi ya sa ake cewa amana ma jari ce.

Bashin banki shi na sa a ƙarshe da gangan. Akwai ƙananan bankuna masu ba da rance, akwai Bankin Masana'antu, akwai kuma bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Amma wanda bai taɓa juya N20,000 ta dawo lafiya ba, bai kamata ya ɗauko N500,000 ta mutane ba. Musamman a yi hattara da manhajojin waya masu ba da bashi cikin minti kaɗan, domin ruwansu yana da yawa, wa'adinsu gajere ne.

A nan bari in ɗan yi wa 'yan'uwa masu koyon Hausa ƙarin haske. A rubuce, kalmar "riba" tana ɗaukar ma'ana biyu: abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa, da kuma ƙarin da ake ɗora wa bashi. A baki, karin sauti da tsawon wasali ne ke raba su. Don gudun ruɗani, yawanci akan kira na biyun "kuɗin ruwa".

Lissafi Shi Ne Ƙashin Bayan Sana'a

Abin da ya fi karya ƙananan sana'o'i shi ne mai sana'a ya ɗauka duk kuɗin da ya shigo aljihunsa riba ce. Bari in kawo misali da 'yar'uwa ɗaliba mai son sayar da zoɓo a ɗakin kwanan ɗalibai. Alƙaluman nan misali ne kawai, domin farashi ba ya zama wuri ɗaya.

A ce ta sayi zoɓo na N3,000, sukari na N4,000, citta da kanumfari da abarba na N2,000, robobi 50 a kan N4,000, ruwa da ƙanƙara na N2,000, gas na N1,500, ta kuma kashe N1,500 a kuɗin mota. Jimla N18,000 ke nan. Idan aka raba wannan gida 50, kowace roba ta tsaya mata a kan N360. Idan ta sayar da kowace a kan N500 kuma duka suka ƙare, za ta tashi da N25,000, ribarta N7,000.

To amma a ce roba 10 sun yi kwantai sun lalace saboda rashin wuta. Cinikinta ya koma N20,000, riba ta koma N2,000. A ce kuma cikin 40 ɗin da suka fita, ƙawaye sun sha 5 bashi ba su biya ba. Abin da ke hannunta N17,500 ne, wato ta faɗi da N500, ga wahalar da ta sha a banza. Amma da yake tana ganin kuɗi a jaka, tana iya ɗauka kasuwa ta yi kyau har ta ciri na kati da na kwalliya. Idan aka yi haka sau 4 ko 5, sai a wayi gari babu kuɗin sari.

Lissafin nan ya nuna mata abu ɗaya muhimmi: sai ta sayar da roba 36 kafin uwar kuɗinta ta dawo, riba kuwa daga ta 37 take farawa. Duk mai sana'a ya kamata ya san wannan adadi a tasa sana'ar.

Don haka a sayi littafi guda. Kowace rana a rubuta abin da aka saro, da abin da aka sayar, da abin da aka kashe, da wanda ake bi bashi. A raba kuɗin sana'a da kuɗin aljihu, in da hali a buɗe musu asusu daban. Mai sana'a ya yanka wa kansa albashi, ko da kaɗan ne, kada ya wuce shi. Ribar da ta rage a kasa ta uku: kashi ɗaya a ƙara a jari, kashi ɗaya a ajiye saboda ɓacin rana, kashi ɗaya a biya buƙata.

Maganar Bashi

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba za a yi kasuwanci a ce ba za a ba da bashi sam ba, musamman a makaranta inda masu sayenka abokanka ne, kuma ƙarshen zango kowa aljihunsa ya bushe. Abin yi shi ne a sa masa iyaka. Ka ƙayyade adadin da ba za ka bari bashi ya wuce ba. Kada ka ƙara wa wanda bai biya na baya ba. Ka rubuta a gaban mai karɓa, da ranar biya. Kunya tana da kyau, amma mai kunyar tambayar kuɗinsa ba ya daɗewa a kasuwa. Idan kuma kai ake bi, ka biya kafin a tambaye ka, domin dilan da ka cika wa alkawari yau shi zai ba ka kaya gobe ba ko kwabo a hannunka.

Harshe a Kasuwa

A nan ne karatunmu ke da ranarsa. Ciniki magana ce, kuma Bahaushe ya tsara mata ƙa'ida. Mai saye zai yi sallama a gaisa, ya tambayi kuɗin kaya, ya taya. Idan tayin bai kai ba, mai kaya ba ya cewa "ban sayar ba", sai ya ce "albarka". Idan an daidaita ya ce "na sallama", a ƙarshe kuma a nemi gyara. Dillalin da ya haɗa cinikin yana da la'adarsa. Duba yadda aka zaɓi kalma mai daɗi aka sa a wurin ƙin tayi, don kada mai saye ya tafi da ɓacin rai. Wannan hikima ce da ya kamata mu ɗauka.

A nan Kudu, masu sayenka yawancinsu ba Hausawa ba ne. Ka koyi gaisuwa da ƙirga a harshen mutanen gari, ko Yarabanci ne ko Ibo, ka haɗa da Turancin buroka. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Haka kuma talla ta tashi daga faranti a ka ta koma waya. WhatsApp da Facebook da Instagram sun zama rumfuna, kuma wanda ya iya tsara magana gajera mai jan hankali ya fi wanda bai iya ba. Sai dai kada hoton ya fi kayan kyau, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma mai saye ɗaya da ka cuta zai gaya wa ajinsu duka.

Rajista da Hukuma

Idan sana'a ta fara kama ƙasa, sai a nemi yi mata rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC. Mafi sauƙi shi ne rajistar sunan kasuwanci, kuma ana cike takardun ta intanet. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ma ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, abin da a da sai mutum biyu. Amfanin rajista shi ne za ka buɗe asusun banki da sunan sana'arka, kuma ƙungiyoyi da ma'aikatu sun fi sakin jiki su ba mai rajista aiki, musamman aikin fassara. Wanda zai ƙulla abinci ko abin sha ko man shafawa ya kai shaguna, sai ya nemi lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993. A cikin makaranta kuma, a nemi izinin hukumar kula da harkokin ɗalibai kafin a kasa kaya.

Abubuwan da Kan Karya Mai Ƙaramin Jari

Akwai abin da ke faɗo wa kasuwa wanda ba laifin kowa ba ne a cikin masu sana'a. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, masu sana'ar da ba su da asusun karɓar kuɗi ta waya suka rasa ciniki. A ranar 29 ga Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na kaya suka tashi. A irin wannan hali, wanda ya sayar a tsohon farashi yakan koma kasuwa ya tarar kuɗinsa ba za su sayo abin da ya sayar ba. Don haka a riƙa sa farashi bisa abin da za a saro gobe. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Akwai kuma abin da mutum ke jawo wa kansa. Na farko gaggawar faɗaɗawa: daga samun ribar wata 2 sai kama shago da ɗaukar yaro. Na biyu kwaikwayo: don wance ta samu a sayar da atamfa, sai kowa ya koma atamfa. Na uku kwaɗayin ribar dare ɗaya. Mutane da yawa, har da ɗalibai, sun yi asarar kuɗinsu lokacin da tsarin nan na MMM ya rufe asusun jama'a a watan Disamba na 2016, kuma irinsa ba su daina fitowa da sababbin sunaye ba. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi a wata guda ba tare da ka ga hajar da ake saye da sayarwa ba, ka riƙe jarinka. Ƙuda wajen kwaɗayi yakan mutu.

Kammalawa

A taƙaice, na yi ƙoƙarin nuna cewa ƙaramar sana'a koyon ta ake yi kamar yadda muke koyon nahawu: a zaɓi abin da jama'a ke buƙata, a zauna da waɗanda suka iya, a fara da ɗan abin da ke hannu, a riƙe littafin lissafi, a yi wa bashi linzami, a kuma kyautata harshe. Shawarata ga 'yan'uwa, musamman 'yan aji 2 da aji 3, ita ce kada a jira sai an karɓi takardar kammalawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Faɗuwar N5,000 a yau, lokacin da iyaye ke ɗauke da nauyinka, ta fi sauƙi a kan faɗuwar N500,000 a lokacin da wasu ke jiran ka ciyar da su. A hutun nan mai zuwa, kowa ya nemi mai sana'a guda a unguwarsu ya zauna da shi, ya tafi da littafi da biro, ya kuma rubuto mana kalmomin sana'ar da ya tsinto, don mu ma mu ƙaru a fitowa ta gaba.